Riga Ta Sha Bakwai

Ostend, bazarar alif ɗari tara da takwas.
Ni ce Pharailde mai rumfar haya,
rigunan wanka arba'in a kan igiya,
duka na ulu, duka shuɗi mai duhu,
kowace da lambar da na ɗinka a wuya.

Mace ba ta shiga teku haka kawai.
Sai riga mai kwala irin ta matuƙan jirgi,
wando har gwiwa daga ciki,
baƙar safa, takalmin zane,
da hular roba mai cizon kunne.
Sannan nawa aikin: darma.
Ƙwaya sha biyu a kalmasar kowace riga,
kada ruwa ya ɗaga ta
idon maza ya ci bulus.

Achiel yakan ɗaura doki a ɗakin katako mai taya,
ya ja shi har ruwa ya lashi cikin dokin.
Mata su sauko matakala uku,
su riƙe igiya, su ɗan yi ƙara,
su tsuguna, su miƙe, wai an yi wanka.
Ulu kuwa mashayi ne, bai san na ƙoshi ba.
Rigar da na miƙa da hannu ɗaya
da biyu nake karɓa,
tana ɗiga, tana warin tunkiya da gishiri.
Duba yatsuna. Matsa ce ta tsattsaga su.

Wata Laraba sai ga Sidonie,
'yar mai gyaran agogo daga Ghent,
siririya, da tabon tawada a yatsa.
Na ba ta ta sha bakwai.
Ta daɗe a ɗakin har Achiel ya ƙwanƙwasa.
Da ta fito, ko kallon igiya ba ta yi ba.
Tsulum!
Ta ratsa ruwa da hannu bi da bi,
riga ta baje a bayanta kamar laimar da iska ta kifar,
ta wuce jar tuta, ta wuce kwalekwalen ceto,
hularta ta koma ɗigo.
Ɗan sanda ya busa usur har jijiyar wuya ta tashi.
Wata baiwar Allah ta kare idon mijinta da mafici,
shi kuwa gogan yana leƙe ta gefe.

Tarar faran biyar.
Ta biya, haƙora na kaɗawa, tana dariya.
Ta kamo hannuna ta zuba min abu mai sanyi,
na ƙirga, sha biyu cif.
"Ɗinkinki da ƙarfi, inna," ta ce,
"da ƙyar na farke."

Ban mayar da su ba.
Na ba ƙanena Kamiel ya ɗaura a taru,
can ne darma ke da aikin yi.
Rigar kuwa na cusa ta ƙarƙashin kanta,
in an tambaya in ce asu ya ci.

Shekara ashirin da shida ina bakin ruwan nan,
teku bai san ni ba sai idon sawu.
Ƙarshen Satumba, baƙi sun watse,
an jere ɗakuna a gindin ganuwa,
tsuntsaye sun gaje yashi.
Da sanyin asuba na sa ta.
Ta ci ni a hammata, maɓalli biyu suka ƙi.
Sanyi ya sare ni a gwiwa, ya hau ƙugu,
na zagi Sidonie har da agogunan ubanta.

Ban iya iyo ba, ba zan yi ƙarya ba.
Tsayawa na yi, ruwa a ƙirji,
riga ta taso ta kewaye ni tana lilo,
ba abin da ke ja na ƙasa.

Achiel na can yana wa doki wanka.
Ya gan ni.
Ya zare lofe daga baki,
ya juya doki, ya juya baya,
ya ci gaba da goge wurin da ya riga ya goge.